Sifili ya cika min alƙaluman kasuwar hannun jari: in ci gaba ko in sauya batun kundina?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta muhawararku ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin harkar kuɗin kamfanoni, a wata jami'a nan Kumasi. Litinin zuwa Juma'a ina riƙe wa wani kantin sari littafin kuɗi a Adum, Asabar da Lahadi ina aji. Batun da aka amince min in yi kundi a kai shi ne: idan kamfani ya sanar da rabon riba ga masu hannun jari, shin farashin hannun jarinsa yana motsawa a kasuwar hannun jari ta Gana? Hanyar binciken tsohuwa ce. Ball da Brown sun bi ta a 1968 da sanarwar ribar kamfanoni, Fama da abokan aikinsa uku suka bi ta a 1969. Za ka ɗauki ranar sanarwa ka sa ta a tsakiya. Ka koma baya wajen kwana 120 ka ga yadda hannun jarin ya saba tafiya tare da kasuwa, ka fitar da abin da ake kira beta, wato ma'aunin yadda yake bin kasuwa in ta hau ko ta sauka. Daga nan ka duba kwana goma kafin sanarwa da goma bayanta, ko ya kauce wa al'adarsa. Wannan kaucewar ita ake nema.

Wata huɗu na yi ina tara farashin kullum, daga 2015 zuwa 2023. Bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ɗora kwamfuta a kan kujerar tsuguno in yi ta shigarwa. Ranar da na gama na sa kwamfuta ta lissafa canjin farashi daga rana zuwa rana, abin da ya fito ya sanyaya min jiki. Sifili, sifili, sifili, layi bayan layi. Akwai kamfanin da na yi ta gangarawa har mako uku farashinsa bai gusa da pesuwa ɗaya ba, wato ɗaya cikin ɗari na sidi. Da na leƙa layin adadin da aka sayar sai na ga dalili: ba wanda ya saya, ba wanda ya sayar. Farashin da aka rubuta ranar Alhamis na cinikin da aka yi tun makon jiya ne, ana ta kwafe shi gaba. Wani kamfanin ma ya sanar da rabon riba ranar Talata, ba a taɓa hannun jarinsa ba sai bayan kwana takwas. To ni me zan auna a kwanakin da ke kewaye da sanarwar?

Beta ɗin da na samu ma abin tausayi ne. Kamfanoni da yawa nasu ya fito kusa da sifili, kamar ba ruwansu da kasuwa, alhali na san ba haka ba ne. Ƙalilan ne kawai, irin su MTN da bankunan GCB da CAL, alƙalumansu suka yi kama da abin da muka karanta a aji.

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Mutumin kirki ne, amma ɗalibai sun yi masa yawa. Ya duba minti biyar ya ce in cire kamfanonin da ba sa motsi in yi da sauran. Na ce in na cire su saura nawa? Kamfanonin da ke kasuwar gaba ɗaya ba su kai arba'in ba, masu rabon riba a kai a kai kuma sun fi haka ƙaranci. Wata abokiyar karatuna ta ba ni shawarar in yi ta sauya yawan kwanakin, yau biyar gobe bakwai jibi goma sha ɗaya, har in dace da wanda zai ba ni taurarin nan da ake sa wa a gefen lamba don nuna cewa sakamakon ba dace ba ne kawai, in rubuta cewa na gano tasiri. Ta ce kowa haka yake yi. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Kuɗin makarantar nan mahaifina ne ya biya rabinsa da cinikin albasa, ba zan kai masa takardar da na san ƙarya ce a ciki ba.

Tambayata biyu ce. Akwai hanyar da masana suka yarda da ita ta yin irin wannan bincike a kasuwar da ba a ciniki kullum? In kuma babu, ya fi min in sauya batu yanzu, saura wata bakwai in miƙa? Wanda ya san abin nan don Allah ya taimaka.

Ɗan Nima ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata tara ina aiki a kamfanin dillancin hannun jari nan Akra, don haka sifilin nan naki ni da idona nake ganinsa kullum a allo. Ba kuskuren shigarwa kika yi ba, haka kasuwar take.

Bari in gaya miki inda abin ya samo asali, don ki iya kare kanki gaban masu jarrabawa. An fara ciniki a kasuwar nan ranar 12 ga Nuwamba 1990, amma har yau mafi yawan hannun jarin kamfanonin yana hannun waɗanda ba su da niyyar sayarwa. Uwar kamfani da ke waje ta riƙe kaso mafi tsoka, kamar yadda yake a Unilever da Guinness da Standard Chartered. Hukumar fansho ta SSNIT ta riƙe nata, gwamnati ta riƙe nata a wasu. Ɗan abin da ya rage a hannun jama'a, da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka saya tun lokacin da aka sayar da kamfanonin gwamnati, suka ajiye takarda a ƙarƙashin akwati, wasu ma sun rasu magada ba su san da ita ba. Sannan manyan da ke kumbura jimillar darajar kasuwar, irin su AngloGold da Tullow, ainihin cinikinsu a waje ake yi, nan suna ne kawai a allo. Tun da MTN ta shigo a Satumban 2018, a kan pesuwa 75 kowane hannun jari, ranaku da yawa ita kaɗai ke ɗauke mafi yawan cinikin ranar.

Wannan ya jawo wata matsalar da ba ki ambata ba. Ma'aunin kasuwa da kike gwada kowane kamfani da shi, wato GSE-CI, nauyinsa yana kan kamfanoni kaɗan. In MTN ta yi tari ma'aunin ya kama mura. Kenan beta ɗin ƙaramin kamfani da kika fitar, kusan kina auna yadda yake bin MTN ne, ba yadda yake bin tattalin arziƙin ƙasa ba.

Babban dalilin rashin cinikin kuma shi ne takardar bashin gwamnati ta kwana 91. A ƙarshen 2022 ruwan da take bayarwa ya kai wajen kashi 35 cikin ɗari a shekara. Ki sa kanki a matsayin mai kula da kuɗin fansho. Ga gwamnati na ba ki wannan, kuɗinki na dawowa cikin wata uku-uku, ga hannun jarin da in kin saya ba ki da tabbacin samun mai saye ranar da kike son fita. Ina za ki kai kuɗin? A shekarar ma'aunin kasuwar faɗuwa ya yi da wajen kashi 12, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 a Disamba. Abokan hulɗarmu da yawa ko waya ba sa ɗauka in maganar hannun jari ce.

Abu ɗaya da lallai ki gyara ko da wace hanya kika bi: a Afrilun 2020, lokacin korona, Babban Bankin Gana ya umarci bankuna su dakatar da rabon riba, aka kuma sake dakatar da su bayan musayar bashin gwamnati ta ƙarshen 2022, wadda aka sauya wa masu riƙe da takardun bashinta da sababbi masu ƙarancin ruwa. Bankuna kuwa su ne kaso babba na kamfanonin da ake cinikinsu. Bankin da bai raba riba ba a waɗannan shekarun ba saƙo yake aika wa masu jari ba, umarni ya bi. In kika haɗa su da sauran shekaru kin gauraya gero da tsakuwa.

Ni shawarata kada ki sauya batu. Wata bakwai ba yawa gare shi ba ga mai aiki da yara.

Malam Mai Ritaya, Madina Zango, ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika ƙi bin shawarar ƙawarki. Na koyar da wannan fanni shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, na kuma zauna a kujerar jarraba ɗalibai ba sau ɗaya ba. Wanda ya yi ta juya kwanaki har ya samu tauraro, tambaya ɗaya ke tona shi: me ya sa kwana bakwai, ba biyar ba? In ka gwada abu ashirin, ɗaya zai fito da tauraro ko da babu komai a ciki, wannan shi ne ma'anar kashi 5 cikin ɗarin da muke sa wa a matsayin iyaka. Ba ganowa ba ce, caca ce.

Matsalarki tana da suna a littattafai, kuma ba a Gana aka fara ganinta ba. Ƙarancin ciniki ya dami masu bincike a Amurka da Ingila tun da aka fara amfani da farashin kullum. Scholes da Williams sun rubuta a kai a 1977, Dimson a 1979 da alƙaluman kasuwar Landan. Abin da suka nuna shi ne daidai abin da kika gani: hannun jarin da ba a cinikinsa kullum, labarin yau ba ya shiga farashinsa sai ranar da aka yi ciniki, don haka beta ɗinsa yakan fito ƙasa da gaskiya. Maganin Dimson mai sauƙi ne. Maimakon ki gwada canjin yau da canjin kasuwa na yau kaɗai, ki haɗa da na jiya da shekaranjiya da na gobe, ki tara abin da kowanne ya ba ki. Za ki ga beta ɗin ya ɗago.

Amma kamfanin da ke yin mako uku ba ciniki, Dimson ma ba zai cece shi ba. Nan sai ki nemi aikin Maynes da Rumsey na 1993, da suka yi da kasuwar Toronto ta Kanada. Su cewa suka yi a bar ƙirga kwanakin da ba a yi ciniki ba. A auna canjin farashi daga ciniki zuwa ciniki na gaba, a auna canjin kasuwa a daidai wannan tsakanin, a yi la'akari da tsawon tazarar. Sannan wajen gwajin ƙarshe a yi amfani da gwajin jeri irin na Corrado na 1989, wanda ke jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba ya duba matsayin kowanne, domin alƙaluman da sifili ya cika ba sa bin siffar ƙararrawar nan da gwajin da kuka saba yake dogara da ita, wato yawancinsu a tsakiya, kaɗan a gefe biyu. Ki raba kamfanoninki gida uku: masu ciniki kusan kullum, na tsakiya, da masu barci. Ki bayar da sakamakon kowane gida daban. Kada ki zubar da masu barcin a ɓoye, mai karatu yana da haƙƙin ya san su nawa ne.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Sifilin nan ba datti ba ne da za a share, shi kansa ma'auni ne. Lesmond da Ogden da Trzcinka a 1999 sun nuna cewa yawan ranakun da farashi bai motsa ba yana nuna tsadar shiga da fita a hannun jari, domin mai labari ba zai yi ciniki ba sai ribar labarin ta fi kuɗin da cinikin zai ci masa. Bekaert da Harvey da Lundblad suka ɗauki wannan a 2007 suka auna kasuwannin ƙasashe masu tasowa da shi. Ke kin riga kin tara shekara tara na wannan ma'auni da hannunki. Tambayi alƙaluman naki: sifilin ya ƙaru ne lokacin da ruwan takardar gwamnati ya hau? Ya ragu bayan shigowar MTN, ko kuwa ita ta janye cinikin daga sauran? Yaya ya kasance a watannin da suka biyo bayan 5 ga Disamba 2022, da aka buɗe shirin musayar bashi aka fara da tayin ba ruwa ko kaɗan a 2023? Wannan babi guda ne mai kyau, kuma ba ya buƙatar ki sake neman amincewar kowa, domin yana ƙarƙashin batunki.

Kada ƙarancin kamfanoni ya karya miki gwiwa. Farfesa Joshua Abor na Jami'ar Gana da ke Legon, aikinsa na 2005 kan bashi da ribar kamfanonin Gana, da kamfanoni 22 ya yi shi, daga 1998 zuwa 2002, kuma har yau ana ambatonsa a ƙasashe da yawa. Abin da ya ba shi daraja shi ne ya faɗi abin da yake gaskiya a nan: a waɗannan shekarun wajen kashi 85 na bashin kamfanoninmu na gajeren lokaci ne. Modigliani da Miller da suka ce a 1958 yadda ka haɗa bashi da jari ba ya canja darajar kamfani, sun gina maganarsu a kan kasuwar da ba haraji, ba kuɗin ciniki, kowa na iya ranta a farashi ɗaya. Amfanin maganar tasu shi ne ta nuna maka inda za ka duba in ƙasarka ta saɓa. Tamu ta saɓa ta kowace fuska.

In kuma bayan duk wannan kika samu cewa sanarwar rabon riba ba ta motsa farashi, ki rubuta haka. Sakamako ne.

Uwar Biyu, Asawase, ta amsa:

Ni ban yi karatun nan naku ba, ɗinki nake yi, amma ina da abin faɗa. Kuɗin da na tara na shekara shida na sa a wani kamfanin masu juya kuɗi, saboda wata 'yar'uwa ta ce ribarsu ta fi ta banki. A Nuwamban 2019 hukumar kula da kasuwar jari ta soke lasisin kamfanoni 53 irinsu, nawa na ciki. Na sha zirga-zirga da takardu a jakar leda kafin in ga wani abu. Tun daga nan adashi kawai nake yi, mu goma sha biyu, kowace Juma'a. Ƙanwata, in kina neman dalilin da ya sa ba a saye a kasuwar taku, ki zo layinmu ki tambayi mata. Ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma maganar riba ta kuɗin ruwa da addini ya hana, da yawa cikinmu ba mu san wane kamfani ya halatta a saya ba, ba kuma wanda ya zo Zango ya yi mana bayani.

'Yar Aboabo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Yaya na Nima, maganar umarnin Babban Banki ta cece ni daga babban kuskure, ban raba waɗannan shekarun ba sam. Baba Malam, daren jiya na gwada hanyar Dimson a kamfanoni biyar na tsakiya, beta ɗinsu duka ya ɗago kamar yadda ka ce. Na kuma fara ƙirga kason sifili na kowane wata. Hajiya ta Asawase, Allah ya mayar miki da alheri, maganarki ta tsaya min a rai, kuma ita ta sa zan faɗi abin da ban faɗa ba da farko.

Mahaifina dillalin albasa ne. Shekara fiye da talatin yana karɓar kaya daga Nijar, yawanci daga wajen Galmi. Yana da wani littafi, irin na 'yan firamare mai jadawalin lissafi a bayansa, ya ɗaure shi da roba, duk ya yi laushi yana warin albasa. Da ajami yake rubutu, lambobin kuma na boko. Shekaranjiya da na kasa barci na roƙe shi ya buɗe min. Muka zauna a zaure yana nuna min da yatsa. Kowane shafi mota guda ce. A sama sunan mai kayan da yawan buhu da abin da aka ba shi hannu da hannu, da saura. A ƙasa sunayen matan da suka ɗauki buhu biyu, uku, biyar, su kai Kejetia ko Bantama su sayar su kawo kuɗi bayan kwana uku ko mako. Wadda ta biya ya ja mata layi. Wadda ta makara ya sa mata ɗigo. Mai ɗigo uku ba ta sake ɗaukar kaya sai wata babba a cikinsu ta tsaya mata.

Ba takardar yarjejeniya, ba jingina, ba lauya. Mota guda kuwa kuɗinta ya fi abin da ake cinikin wasu kamfanonin kasuwar hannun jari a mako. Kuma a littafin nan babu ranar sifili.

Ya nuna min shafukan 2022. Bashin da ke kansa na masu kaya da sefa yake, kuɗin da mata ke kawo masa kuma sidi ne. A shekarar dala ta tashi daga wajen sidi 6 zuwa fiye da 13 a Nuwamba, sefa ma ta bi ta sama. Kafin mata su gama biya, sidin da ya tara ba ya sayen sefar da ya yi alkawari. Mota biyu a jere ya cika daga aljihunsa, ya sayar da filin da ya saya wa ƙannena. Na tambaye shi me ya sa bai ce wa masu kayan su raba asarar ba. Ya ce, "Uban yaron nan mai kayan shi ya fara ba ni kaya ba ko sisi, ina da shekara ashirin da biyar. Da wane baki?" Daga baya ya rage kwanakin da yake ba mata, ya kuma riƙa sayen sefa duk ranar da kuɗi ya shigo maimakon ya jira ƙarshe. Mu a aji sunan wannan kare kai daga haɗarin canji, da zane da lissafi. Shi bai taɓa jin sunan ba.

Bai kuma taɓa karɓar bashin banki ba. In yana son faɗaɗa harka, ribarsa yake fara juyawa, sai adashi da 'yan'uwa, sai ya nemi masu kaya su ƙara masa lokaci. Shigo da baƙo cikin jarinsa kuwa ko a mafarki. Wannan jerin kusan shi ne abin da Myers da Majluf suka bayyana a 1984, cewa kamfani yakan fara da kuɗin cikin gida, sai bashi, sayar da hannun jari shi ne na ƙarshe. Amma su dalilinsu shi ne na waje bai san abin da na ciki ya sani ba. Babana dalilinsa na farko ribar kuɗin ruwa ce, ba ya son ya mutu da ita a wuyansa.

To Baba Malam, ga abin da ke cina. Na yi wata huɗu ina bin farashin da ba ya motsi, alhali kuɗin da ke motsi yana zaurenmu. Wannan littafin zai iya zama bincike a fanninmu, ko za a ce min wannan aikin masu nazarin al'umma ne?

Ɗan Nima ya sake amsawa:

Ƙanwata, labarin Baba ya taɓa ni, nawa uban ma goro ya sayar. Amma ki yi hattara. Littafi ɗaya na mutum ɗaya, kuma mahaifinki, masu jarrabawa za su ce ba ki da nisa da abin da kike bincike. Sannan sai kin koma neman amincewar kwamiti, wata biyu sun tafi. Ki gama wanda ke hannunki tukuna. Kuma kar mu raina kasuwar nan don tana barci: kuɗin fanshon ma'aikata na ciki, ta kuma farfaɗo sosai a 2023 da 2024. Muna buƙatar wanda zai auna ta da gaskiya.

Hajiya ta Asawase, tambayarki tana da amsa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta sa ma'auni: sana'ar kamfanin ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka. Da wannan bankunan ruwa da kamfanin giya sun fita, sauran sai an duba littafinsu ɗaya bayan ɗaya, kowace shekara.

Malam Mai Ritaya ya sake amsawa:

Ɗana na Nima ya yi gaskiya a kan lokaci, amma ban yarda littafin ba namu ba ne. 'Yata, sunansa bashin kaya tsakanin 'yan kasuwa, kuma yana tsakiyar fanninmu. Petersen da Rajan sun yi nazarinsa a ƙananan kamfanonin Amurka a 1997, suka nuna mai ba da kaya yakan san abokin cinikinsa fiye da yadda banki zai san shi. Marcel Fafchamps ya zo Gana ya yi tambayoyi kan yadda 'yan kasuwa ke sa a cika alkawari ba tare da kotu ba, ya buga a 1996. Tun kafin su, Polly Hill ta rubuta a 1966 kan masu gida da dillalai a cinikin shanu, har da mahautan Kumasi. Ɗigo ukun Babanki tsarin auna amincin mai karɓar bashi ne, babbar da ke tsaya wa ƙarama kuma lamuni ce.

Abin da waɗancan ba su samu ba shi ne alƙaluma na shekara da shekaru daga hannun mai abin, domin baƙo ba a buɗe masa irin wannan littafi, in an buɗe ma ba ya karanta ajami. Ke kina karantawa. A ciki za a iya auna abubuwa da lamba: kwana nawa ake ɗauka kafin a biya, kashi nawa ke makara, kashi nawa ke nutsewa, da bambancin farashin hannu da na jinkiri. Misali, in buhu sidi 100 ne hannu da hannu, 103 bayan mako, kashi 3 ne a mako, a shekara ya haura 150. Sai ki tambaya ko wannan ƙarin ladan jira ne, ko na haɗarin ruɓewar albasa da gudun mai bashi, domin malamanmu sun bambanta ƙarin farashi a cinikin jinkiri da ruwan rance.

Ga yadda zan tsara miki. Kundin nan ki gama shi a kan kasuwar hannun jari, da gida ukun da babin sifili. Littafin Baba ki ajiye shi don digiri na uku, amma aikin adana shi ki fara yanzu, takarda ba ta jira, damina ɗaya da rufi mai yoyo ta isa. Ki nemi izininsa a fili, ki gaya masa abin da za a yi da shi da wanda zai gani. Kada ki fitar da littafin daga gida. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya a gabansa, kina tambayarsa ma'anar kowace alama kina rubutawa, don akwai alamomin da shi kaɗai ya san su. Wajen shigarwa a kwamfuta kowace mace ki ba ta lamba a maimakon suna, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma ta zauna a wurinsa, ba a wurinki ba. Ki tambaye shi ko tsofaffin littattafan na nan, musamman na kafin Yulin 2007 da aka cire wa sidi sifili huɗu, don kada ki haɗa tsohon kuɗi da sabo a layi ɗaya. Sannan ki tambaye shi cikin abokan sana'arsa wa zai yarda ya buɗe nasa in shi ya yi masa magana. Biyar ko shida sun isa a fara.

In kin fitar da kason sifilin na wata-wata, ki sa shi gefe da gefe da ruwan takardar kwana 91 ki turo nan in gani kafin ki kai wa malaminki.